Daga Kwatano zuwa Maraɗi: abin da rashin teku ke ci wa Nijar

Kwantena ɗaya mai ƙafa 20 tana cin shinkafa kimanin tan 25, wato buhu 500 masu kilo 50. Duk ɗan kasuwar Yamai ko Maraɗi mai shigo da kaya ya haddace wannan lissafi, domin da shi yake auna abin da hanya ta ci masa. Duk ƙarin sefa dubu 500 da ya hau kan kwantenar tsakanin bakin teku da sitonsa, jika guda ce, wato sefa dubu ɗaya, a kan kowane buhu. Kuma ba daga aljihunsa za ta fita ba. Matar da ta zo awon tiya ɗaya da yamma ita za ta biya.

Nijar tana cikin ƙasashe 32 masu tasowa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa a matsayin marasa gaɓar teku, 16 daga cikinsu a Afirka. A taswira babba ce, murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya faɗi. Tattalin arzikinta ne ƙarami: duk abin da mutanenta sama da miliyan 25 suka samar a 2023 bai kai dalar Amurka biliyan 20 ba. Maƙwabtanta bakwai ne. Chadi da Mali da Burkina Faso su ma ba su da teku. Aljeriya da Libiya suna da shi, amma sai an keta Sahara, kuma daga iyakar Asamaka zuwa birnin Aljiyas ya haura kilomita 2,000. Saura Benin da Najeriya. Waɗannan biyu kaɗai ne ƙofofin da kaya za su bi su tsallaka iyaka ɗaya tak su shigo inda jama'a suke. Lome da Tema da Abijan kuwa, kowacce iyaka biyu ce, don sai an ratsa Burkina ko Benin.

Shi ya sa kafin 2023 mafi yawan kayan Nijar, an ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100, ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin suke bi. Daga can zuwa Yamai kilomita dubu ne da 'yan kai. Mota mai lafiya, direba mai hankali, kwana uku ya ishe su. Amma kaya ba sa isowa a kwana uku, kuma a cikin wannan bambanci tsadar take.

Tun kafin jirgi ya taso daga Indiya ko Sin ake fara aikin takarda. Dole takardar jirgi ta nuna cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, in ba haka ba duwan ɗin Benin, wato kwastam, za su ɗauke su a matsayin kayan cikin gida su nemi cikakken haraji, kuma gyara wannan kuskure bayan jirgi ya iso yakan ci kwanaki. Akwai takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, mai kula da masu amfani da sufuri a Nijar. Da kaya sun sauka, wakilin fitar da kaya zai shigar da takardar wucewa, a biya kuɗin tasha da na sauke kaya, sannan a tsayar da lamuni. Ma'anar lamunin ita ce: Benin ta yafe harajinta bisa sharaɗin kayan za su fice daga ƙasarta, to wa zai biya idan suka ɓace a hanya aka sayar da su a Paraku? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1982 kan wucewar kaya ta mota ta tanadi takarda ɗaya da lamuni ɗaya daga tasha har masauki. A aikace, shekara da shekaru kowace ƙasa nata lamunin take karɓa. Daga nan a ɗaure kwantena da hatimi, a liƙa na'urar bin sawu, a nemi mota.

Neman motar ma yana da ƙa'ida. Yarjejeniyar ƙasashen biyu ta raba dakon kayan Nijar gida uku, biyu na masu motocin Nijar, ɗaya na 'yan Benin, ƙungiyoyin direbobi kuma su raba bisa layi. An yi haka don kare masu motocin ƙasar da ba ta da tasha, kuma niyyar mai kyau ce. Illarta ita ce mai kaya ba shi da cikakken ikon zaɓar motar da ya yarda da ita, kuma mai tsohuwar mota da ke lalacewa a hanya yana samun lodi daidai da wanda ya ci bashi ya sayi sabuwa. Motar da ke kwana a layi makonni ba ta yin sawu da yawa a shekara, mai ita kuma dole ya fitar da kuɗin shekara daga 'yan sawun da ya samu.

A nan ne mai kaya ke fuskantar zaɓin da ɗan kasuwar bakin teku bai san da shi ba. Kwantena ta kamfanin jirgi ce, aro aka ba shi na 'yan kwanaki kyauta, bayan haka kowace rana da kuɗinta. Idan zai tafi da ita Maraɗi, sai ya ajiye kuɗin jingina mai kauri, ya kuma biya dawo da ita fanko. Shi ya sa da yawa suke fasa kwantenar a tasha su zuba kayan a buɗaɗɗiyar tirela, su haɗa kayan kwantena biyu ko fiye a mota ɗaya. An tsira daga tarar jinkiri, amma an buɗe ƙofar wasu asarori: buhuna su yage, ruwa ya taɓa, a yi sata, kuma tun da babu hatimin asali, kowane jami'i a hanya ya sami dalilin cewa a buɗe tamfol.

Babbar asarar ita ce ta titi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta 2005, ta ƙayyade nauyin da kowane gatarin mota zai ɗauka, ta kuma tsayar da tan 51 a matsayin iyakar babbar tirela da kayanta. An daɗe ana ganin motocin da suka zarce haka da tan goma, ashirin. Injiniyoyin hanya suna da ma'auni a kan wannan: idan nauyin da ke kan gatari ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Titin da aka gina don shekara ashirin sai ya mutu cikin biyar, mota ta koma tafiyar hawainiya, taya da sifirin su riƙa karyewa, kuɗin dako ya ƙara hawa, mai mota ya ƙara lodi don ya fita. Gwamnati kuma ta sake cin bashi ta gyara titin da ba ta gama biyan bashinsa na farko ba.

Sai shingaye: 'yan sanda, jandarma, duwan, 'yan ƙungiya, ma'auni. Abin da ake bayarwa a kowane shinge ba shi da yawa idan aka kwatanta da darajar kayan, kuma masu nazari sun daɗe da gano cewa tsayuwar ta fi cin hancin ciwo. A Malanbil, garin Benin na bakin iyaka, aka saba dogon layi kafin a hau gadar kogin Kwara a sauka Gaya. Can ko a ofishin duwan na garin da za a sauke ake biyan haraji bisa jadawalin bai ɗaya na yankin, mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, gwargwadon irin kaya. A kan wannan a ɗora harajin saye na kashi 19 ga kayan da ba a yafe wa ba. Bayan an sauke, motar takan koma kudu fanko ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin abin da Nijar ke shigowa da shi ta teku ya fi abin da take fitarwa nauyi nesa ba kusa ba. Kuɗin zuwa da dawowa duk a kan buhun shinkafar nan suke.

Ga abin da jira ke yi wa jari. A ɗauka ɗan kasuwa yana da sefa miliyan 100, kuma daga ranar da ya biya kaya zuwa ranar da ya sayar ya karɓi kuɗinsa kwana 60 ne. Zai juya jarinsa sau shida a shekara. Idan hanya ta mayar da kwanakin 120, sau uku zai juya, kuma don ya sami abin da ya saba samu sai ya ninka ribar kowane buhu. Idan kuwa bai san ko 60 ne ko 120 ba, dole ya tara kaya a sito fiye da buƙata, wato ya kwantar da kuɗi. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, sai ya fita, harkar ta rage a hannun manyan alhazai kaɗan masu ƙarfin jira. Inda masu shigo da kaya suka yi kaɗan, farashi yana saurin hawa, saukarsa kuma sai an daɗe.

Matsalar ta girmi 'yancin kai. Zamanin da gyaɗa ce arzikin ƙasar, ta Maraɗi da Damagaram Kano take nufa, inda jirgin ƙasa ke kai ta Legas tun 1912. Hanya ce mafi kusa kuma mafi arha, amma ta ƙasar Ingilishi ce. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle, suna tallafa wa dako don gyaɗar ta juya ta Paraku da Kwatano, motocin su dawo da kayan shigowa. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar Dahomey (Benin ta yanzu) da Nijar, da burin miƙa dogo zuwa Yamai. Dogon mai kilomita 438 ya tsaya a Paraku tun 1936, kuma yana nan inda ya tsaya. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an buɗe shi a 2016, amma bai haɗu da komai ba, shari'a ta tsayar da ɓangaren Benin, bai taɓa zama hanyar kaya ba. Tun farko dai siyasa ce ke zaɓar wa kayan Nijar hanya, lissafin dako yana biye.

Dokar duniya ta san da irin wannan ƙasa. Yarjejeniyar teku ta 1982, a sashe na 125, ta ba ƙasa marar gaɓa haƙƙin kaiwa ga teku da 'yancin wucewa. Amma sashen ya bar sharuɗɗan ga yarjejeniya tsakanin ƙasashen, ya kuma bar wa mai tasha ikon kare muradunsa. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara.

An ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta rufe iyakoki, ta tsayar da hada-hadar kuɗi. Ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, har da masu ɗauke da magani da abinci. Najeriya, wadda ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa, ta yanke wuta. Babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, ya toshe asusun gwamnati, takardun kuɗi suka yi ƙaranci a bankuna, aka ƙayyade abin da mutum zai cire daga kuɗinsa. A watan Oktoba aka zabge kasafin shekarar daga sefa biliyan 3,291 zuwa 1,981, domin tallafi da rancen waje sun tsaya. Zuwa Fabrairun 2024 bashin da Nijar ta kasa biya a kasuwar kuɗi ta yankin ya haura sefa biliyan 300. Duk wanda ya ce takunkumin sojoji ya nufa, ya je ya tambayi mai ciwon suga da ya rasa allurarsa a wancan lokaci. Talaka ne ya sha shi.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. Iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, wuta ta dawo. Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta bar gadar Gaya a rufe, tana zargin Benin da bai wa sojojin Faransa da masu neman tayar mata da hankali mafaka, zargin da Benin ta musanta. Kaya suka koma Lome. Daga can su hau arewa su shiga Burkina ta Sinkase, kuma tun da hanyar Fada da Kancari ta zama ta 'yan bindiga, sai a zagaya ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayarin ɗaruruwan motoci da rakiyar soja. Ayari ba ya tashi sai ya cika kuma sai soja sun shirya, don haka mota takan yi makonni tana jira. An kai wa ayarori hari, direbobi sun mutu. Ga wanda ke Maraɗi ko Damagaram abin ya fi muni, domin bayan kaya sun iso Yamai akwai sauran kilomita kusan 660 ko 900 a gaba, Difa kuwa sama da 1,300. A Gaya kuma kwalekwale ya karɓi aikin gada, ana sauke kaya a wannan gaɓa a loda a waccan, wasu motocin su zagaya ta Segbana su shiga jihar Kebbi su fito ta Kamba. Kayan suna shigowa, sai dai da tsada, kuma rabon baitulmali a cikinsu ya ragu. Damuwar tsaro abu ne da kowace gwamnati ke da haƙƙin ɗauka da gaske. Amma ƙasar da ta ɗanɗana rufe ƙofa daga waje ita ta fi kowa sanin farashinsa, kuma barin gadar a rufe haraji ne da ake karɓa daga mai awon tiya ba tare da ya shiga asusun kowa ba.

Rashin teku ba ya taɓa kowace haja daidai. Abin da ke raba su shi ne darajar kaya a kan nauyinsa, da kuma ko yana iya jira.

Zinariyar Jado da Cibarakaten, da aka fara haƙa gadan-gadan a 2014, ba ruwanta da tasha. Jaka ɗaya ta isa, jirgin sama ya kai ta Dubai. Sauƙin ɗaukarta ne kuma ya sa da wuya gwamnati ta san nawa ya fita.

Yuraniyom yana kama da haka a ido, amma ba haka yake ba. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak a 1978 har aka rufe shi a Maris 2021. A 2022 ƙasar ta haƙo kimanin tan 2,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Tarayyar Turai ta saya a shekarar daga Nijar ya fito. Garin yuraniyom ɗin cikin durom ake zuba shi, a bi da shi ta Agadas da Tawa da Doso zuwa Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masana'antar tana cin farar wuta da sinadarin soda da kayan gyara masu nauyin da ya ninka abin da take fitarwa, kuma duk ta wannan hanya suke hawowa. Da aka rufe iyaka, shigowar sinadarai ta tsaya kafin ma a yi maganar fitarwa. A Oktoban 2024 kamfanin Orano na Faransa, mai kashi 63 da ɗoriya na Somaïr, ya sanar da dakatar da aiki, da sama da tan dubu na kaya jibge a Arlit. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa. Ƙorafin 'yan Nijar cewa rabin ƙarni na yuraniyom bai bar musu abin kirki ba yana da tushe, wanda ya bi titin Tawa zuwa Arlit ya gani. Sai dai mallakar ma'adini ba ta warware tambayar hanya ba. Kaya ne da ba kowace tasha ke karɓa ba, ba kowane jirgi ke ɗauka ba, kuma ana bin sawunsa a duniya durom-durom.

Man fetur ya fi kowa ɗaurewa. Matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011 da ɗanyen man Agadem. Don fitarwa waje, kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Benin, mai ɗaukar ganga 90,000 a rana. Jirgin dako ɗaya yana ɗaukar kimanin ganga miliyan 1, wato turin kwana goma sha ɗaya. Idan jirgi bai loda ba tankunan Seme su cika, dole a rage turi tun daga rijiya. Mota tana iya sauya hanya, bututu ba ya iyawa. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da ruwan kashi 7, za a biya da mai. A watan Mayu Benin ta hana lodi tana neman a buɗe iyaka, sannan ta bar jirgin farko ya tashi bayan Sin ta shiga tsakani. A Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a Seme, Yamai ta rufe famfo, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun a cikin ƙasa. Sai a Agusta lodi ya dawo. Man ne ya ɗaga bunƙasar tattalin arzikin 2024 sama da kashi 8 cikin 100. Amma aikin mai ba ya ɗaukar mutane da yawa, kason gwamnati a man da ake fitarwa kusan rubu'i ne, kuma wani ɓangarensa an riga an ci shi tun bai fito ba.

Mafi yawan 'yan Nijar, kusan takwas cikin goma, noma da kiwo suke yi, kuma kayansu su ne masu nauyi, masu arha, marasa haƙuri. Albasar Galmi da Madawa da Ƙonni ta yi suna daga Abijan har Kumasi, inda Hausawan zango ke riƙe da cinikinta. Ana girbe mafi yawanta a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma farashi ya fi faɗuwa. Wanda ya adana a rudu zuwa damina zai sayar da tsada, amma ruɓewa da tsiro da bushewa sukan cinye har sulusin abin da ya ajiye. A cikin mota kuwa, buhu kan buhu ƙarƙashin tamfol, albasa tana gumi, kuma 'yan kwanakin tsayuwa a rana sun isa su mayar da lodi taki. A Agustan 2023 an ga haka a iyakar Benin, farashin albasa ya tashi a kasuwannin Ghana, a gonakin Tawa kuma ya faɗi. Shinkafa tana iya jiran ayari. Albasa ba ta iyawa.

Ga manomin wake da aya da riɗi, da mai tattasan Difa, da makiyayi mai raguna balami da jar akuyar Maraɗi, tekunsu ita ce Najeriya. Iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kasuwannin Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari da Dawanau su ne ke yanka farashin da ake ji a ƙauyukan Tawa da Maraɗi da Damagaram. A nan matsalar ta kuɗi ce. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo. A farkon 2023 jika ɗaya tana canzuwa wajen naira 1,200 a hannun 'yan canji. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen 2024 jikar ta haura naira 2,500. Ragon da aka sayar naira 150,000 a da yana dawo wa mai shi da jika 120 da ɗoriya. Da sabon canji, kuɗin nan bai kai jika 60 ba, kuma mai saye a Kano ba shi da ƙarfin ninka farashi. Makiyayi bai yi laifin komai ba, rabin dukiyarsa ta tafi a teburin ɗan canji. A ɗaya gefen kuma kayan masana'antun Najeriya, daga taliya zuwa robobi, suka yi arha a Maraɗi ta yadda ƙaramar masana'antar gida ba za ta iya gogayya da su ba.

Akwai kuma harkar da ta gina manyan gidaje a Maraɗi da Ƙonni da Gaya: shigo da shinkafa da man girki da gwanjo da motoci ta Kwatano da sunan Nijar, a biya harajin sake fitarwa, a tsallaka da su Najeriya inda aka hana su ko aka tsauwala musu haraji. Baitulmali ya daɗe yana ci daga nan. Amma arziki ne da ke rataye a kan dokar wani, kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya nuna haka. Irin wannan ne ya faru da man ruwa-ruwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri. Shekaru tallafin man Najeriya yana cika tankunan Nijar ta bayan fage. Da aka cire shi a Mayun 2023, masu saye suka koma gidajen mai, gwamnati kuma ta rage lita zuwa sefa 499 a 2024, buƙata ta fi ƙarfin SORAZ. A Maris 2025 ƙasa mai fitar da ɗanyen mai ta kwana a layin fetur.

Hana fitar da hatsi da aka yi a Oktoban 2024, da hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025, duk an yi su don sauƙaƙa wa mai saye a birni, kuma sukan yi hakan na ɗan lokaci. Wanda ke biya shi ne manomi da makiyayi, waɗanda suka fi kowa talauci. Kuma maƙwabcin da aka hana wake yau yana iya hana masara gobe, alhali a shekarar fari daga kudu hatsin ceto ke zuwa.

Duk wannan yana komawa kan asusun gwamnati. Harajin da ake tarawa yana wajen kashi 10 cikin 100 na arzikin ƙasa, rabin abin da UEMOA ta sa a matsayin buri, kuma kaso mai tsoka daga bakin iyaka yake fitowa, tun da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i ba sa cikin littafi. Idan kaya suka ragu ko suka bi kwalekwale, albashi da makaranta da asibiti ne ke ji. Jama'a kuma na ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 a shekara, don haka bunƙasar da ba ta kai wannan ba koma baya ce ga kowane mutum. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina, amma tana cikin UEMOA da sefa. Masu kiran a buga kuɗin kai suna da hujja a abin da BCEAO ya yi a 2023. Sai dai kuɗi yana tsayawa ne da abin da ƙasa ke sayarwa waje, kuma ƙawayen uku babu mai tasha a cikinsu.

Abin da ke hannun Nijar ya fi yadda ake zato yawa. Wutar da za ta rage dogaro da layi ɗaya tana cikin madatsar Kandaji mai megawat 130, wadda aka aza harsashinta tun 2008 ba a gama ba, da hasken rana irin tashar Goru Banda mai megawat 30. Rage nauyin kayan fitarwa aiki ne na gida: albasar da aka busar, fatar da aka jeme, naman da aka yi kilishi ko aka sanyaya, duk sun fi ɗanyensu daraja a kan kilo kuma sun fi jure hanya, ko da yake sanyi ba ya samuwa sai da wuta tsayayya. Ma'aunin titi da ke aiki ba sani ba sabo, sakin rabon dako don mai kaya ya zaɓi motarsa, da takardar wucewa ɗaya ta kwamfuta da duwan ɗin ƙasashe biyu ke gani lokaci guda, ba sa buƙatar biliyoyi. Abin da suke buƙata shi ne a taɓa masu cin moriyar yadda abin yake yanzu. Sannan a riƙe Kwatano da Lome da Tema da Legas duka a buɗe, ko da ɗaya ta fi arha, don tasoshin su yi gasa a kan kayan Nijar kuma kada rigima da maƙwabci ɗaya ta tsayar da ƙasa.

Gabashin ƙasar ya zuba ido kan dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Zai mayar da Maraɗi kan tsohuwar hanyar gyaɗa. Amma a duba faɗin dogon. Sabon mai faɗi ne, irin na Legas zuwa Ibadan da na Abuja zuwa Kaduna. Na Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa, tsakanin Ibadan da Abuja kuwa akwai giɓi, kuma tsohon dogon Legas zuwa Kano siriri ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Kafin a cike giɓin, kwantenar da ta sauka Apapa sai an sauya mata abin hawa a hanya, watakila a tashar tudu ta Dala da aka buɗe a Kano a 2023. Kuma ko an gama ƙarfe, sai Abuja da Yamai sun zauna sun rubuta wa zai tsaya lamunin kayan wucewa, a ina za a buɗe kwantena, da naira ko da sefa za a biya dako, da kuma abin da taragon zai ɗauko daga Maraɗi idan zai koma kudu.